Abu Ɗaya da Ban Sa a Duro Ba

Silver Spring,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da akwatinki a gari ɗaya. Allah Ya tsare ki daga sanyin Minnesota, da mugun maƙwabci, da abokin da zai nuna miki haƙora ya ɓoye miki ciki. Ya ba ki abin da kika je nema. Amin.

Gobe in na kai ki filin jirgi zan cusa ta a jakarki, in ce kada ki buɗe sai kin isa. Na san za ki ce Baba ya fara tsufa: bango ɗaya tsakanin ɗakina da naki, amma na zauna cikin mota ina rubuta miki wasiƙa kamar wanda ke Damagaram. Dalilin shi ne bakina. In na buɗe shi don in yi magana mai nauyi, sai wasa ya riga ta fita, ke kuma ki juya ido ki ce “Baba!” ki shige ɗaki. Biro ba ya yi mini haka. Kuma da gangan na rubuta da Hausa, don ki ɗanɗani irin wahalar da na sha a kan Turancinki. Kin dai san ni, aji huɗu na bar makaranta. Faransancin da aka ɗura mini ya zube a hanya, Turancin da nake da shi kuwa a bakin fasinja na tsince shi, shi ya sa rabinsa “yi hagu, yi dama” ne, rabinsa zagi. In wata kalma ta gagare ki, ki kira Anti Bilki ta hawa na uku. Amma kalmar kaɗai za ki karanta mata, ba layin duka ba.

Ranar Lahadi kina durƙushe kina naɗe kaya, kika tambaye ni da Turanci, ba ki ko ɗago ba: “Baba, da gaske babu komai na Mama da ya rage? Ko cokali?” Na ce babu. Har na ƙara da cewa in cokali kike so ga su nan a kicin, ki zaɓi wanda ya fi kama da ita. Ba ki yi dariya ba. Ni ma da na shiga ɗaki ban yi ba.

Ƙarya na yi miki, Ummi. Akwai abu ɗaya, kuma naki ne. Zan faɗa miki shi, amma ki bar ni in zagaya, don kai tsaye ba zan iya ba. Tsorona ɗaya ne: ki gama karantawa ki mayar da lambata cikin waɗanda in sun kira ba a ɗauka. In haka ta faru ba zan ce kin yi laifi ba.

Littafin da kika rubuta, wanda saboda shi aka kira ki karatun nan, kin ajiye shi a teburin cin abinci, takardu ɗaure da roba, kika ce in karanta in ina so. Kin ɗauka ba zan taɓa ba. Mako uku na yi a kansa. Na karanta a filin da direbobi ke jiran fasinjan jirgi, na karanta a bakin shagon 'yan Afirka na Hyattsville, yatsa a kan layi, waya a hannun hagu tana fassara mini abin da ita ma ba ta gane ba. Abokina Malam Sani ya leƙo ta taga ya ce, “Isuhu, lauya za ka zama?” Na ce a'a, shari'ata ake yi, ina duba takardun.

Na gane labarin. Yarinya ce mai suna Zulai, haifaffiyar nan, uwarta ta rasu ta bar mata akwati. A ciki akwai rigar sanyi, da littafin rubutu, da mabuɗi. Duk abin da ta ɗauko sai ta ga wata fuskar uwarta da ba ta sani ba, a haka a haka har ta gane ita kanta wace ce, da irin macen da take so ta zama. Malamarki ta yi ta rubutu a gefe da jan biro, kalma ɗaya tana ta dawowa. Na tambayi waya, ta ce alama. Ni alamar da na sani ta bakin titi ce, ja ka tsaya, kore ka wuce. Amma a hankali na fahimta: abu ne yake tsayawa ya faɗi maganar da mai shi bai samu ya faɗa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne akwatin. Zulai tana da shi. Ke ba ki da shi. Da takarda kika ƙera wa kanki, daga abin da idonki ya riƙe tun kina ƙarama. To bari in gaya miki abin da na sani game da kayan nan, tunda ni ina wurin, ko da yake ba amfanin da zamana ya yi.

Rigar sanyin nan mai ruwan ƙasa ta maza ce, kin yi daidai. Ni na saya a shagon gwanjo a makon da Mamanki ta iso. Tsakiyar sanyi ta sauka, da atamfa da silifas, haƙoranta na kaɗawa har ba ta iya amsa gaisuwa. Na shiga na ɗauko mafi kauri, ban duba ɓangaren da na tsaya ba. A littafinki kin ce rigar nauyin miji ce a kafaɗar mace, hannun rigar ya haɗiye na matar har ba a ganin yatsunta. Na karanta wurin sau uku, na ce kai, ashe haka nake da nauyi, ni da iska ke turawa a tashar Metro.

Abin da ba ki sani ba, aljihunta take so. Takan ce, “Malam, matan ƙasar nan an cuce su, rigunansu ba aljihu.” A aljihun nan akwai katin bas, da carbi, da dabino, da safarki ƙafa ɗaya, da allura a soke jikin takarda. Tana tafiya kamar kanti. Wannan ki ƙara a littafin in kina so.

Amma kada ki ce na wanke kaina. Wata Asabar mun shiga wani babban kanti neman takalminki na makaranta, sai ta tsaya gaban wata rigar sanyi ja, ta mata, mai bel a ƙugu. Ta shafa hannun rigar. Ta matsa gaba, ta dawo, ta sake shafawa. Ni kuwa, sarkin baki, na ce, “Ja? Sai ka ce motar kashe gobara. In kin tsaya bakin titi ai motoci za su riƙa ba ki hanya.” Ta yi dariya. Ta saki. Ba ta ƙara tsayawa gaban riga ba in ina tare da ita. Ni kuma na ci gaba da gaya wa mutane, “Salamatu ba ta son wata riga sai wannan tawa.” Shekara goma sha biyar tana cikinta, ban tambaye ta ba ko sau ɗaya.

To ga nasiha daga wanda ya faɗi jarrabawa. In kin ga mutum ya taɓa abu sau biyu, ki yi shiru, ki dubi fuskarsa. Kuma kada ki ga abu a jikin mutum kullum ki ce shi ya zaɓa. Ni da ke duka mun ɗora wa rigar nan ma'ana ba mu tambayi mai ita ba. Ke kina da uzuri, ba ta nan. Ni a gefenta nake tafiya.

Littafin rubutu mai shuɗin bango shi ma gaskiya ne. Kina aji uku ta fara zuwa ajin koyon Turanci na manya, da safe, bayan ta raka ki bas ɗin makaranta. A labarinki Zulai ta tarar rabin littafin farar takarda ce, malamarki ta ja layi ta rubuta cewa wannan ita ce rayuwar da matar ba ta samu ta yi ba. Malamar nan tana da basira. Sai dai ba ta san wanda ya bar takardun farare ba. Ni na san shi, madubi ɗaya muke aske gemu.

Wata Lahadi bayan la'asar direbobi sun taru a falonmu shan shayi, mu biyar. Ina neman biro sai hannuna ya faɗa kan littafin. A ajin an ce su rubuta abin da suke so su zama. Layi huɗu ta yi, kowane harafi a tsaye kamar soja: sunana Salamatu, ina da 'ya ɗaya, mijina direba ne, ina so in tuƙa bas ɗin 'yan makaranta. Na miƙe na karanta musu da muryarta, da irin Turancinta, ina juya faranti kamar sitiyari, ina danna hon da baki. Malam Sani har shayi ya fito masa ta hanci. A lokacin ta shigo da tiren fanke. Ta tsaya har na gama. Ta ajiye, ta ce, “A ci lafiya,” ta fita.

Washegari ba ta je aji ba, ta ce gwiwarta ke ciwo. Gwiwar ba ta warke ba har aka rufe ajin. Ni kuma ban ga komai ba, na je na sayo mata man zafi.

Ummi, kin gaji bakina. Na gani a littafinki, akwai wuraren da na yi dariya ni kaɗai a mota har na kusa ƙwarewa. Baiwa ce, amma ki san da me kike neman dariyar baƙi. Baƙi za su sha shayi su tafi, wanda kika yanka don ki ciyar da su shi zai kwana a gidan. In kuma kin haɗu da namijin da ke ba ki dariya da ƙanwarsa ko da uwarsa, ki sani layi ne, za a zo kanki. Sannan kada ki bar aji saboda wawa ya yi dariya, ko da wawan ubanki ne.

Yanzu maganar duro, wadda na san ba ki taɓa yafe mini ba, ko da yake ba ki taɓa faɗa ba.

Bayan sadakar arba'in, kakarki ta yi ta waya daga Damagaram: a turo kayan mamaciya gida a raba, kada a bar su a rataye, ba kyau, kuma yarinya za ta riƙa gani tana kuka. Haka ake yi a wurinmu. Kayan mace mata ke tattarawa, namiji ba ya sa hannu. Al'adar ta zo mini daidai, don ni ma ba na iya buɗe kabad ɗin, ƙamshin turarenta ke korata. Na sayo duro uku, shuɗɗan nan da ake aika kaya ta jirgin ruwa. Na zaɓi ranar Laraba, don kina makaranta. Mata huɗu suka zo da safe, suna salati suna naɗewa: atamfofi, mayafai, takalma, kwanukan da ta zo da su, tandun kwalli, littafin nan, rigar nan. Har matsefi, da gashinta a jiki.

Anti Bilki ce kaɗai ta tare ni a bakin ƙofa, ta dawo daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta ce, “Malam Isuhu, an tambayi Ummi?” Na ce, “Yarinyar Amurka me za ta yi da atamfa? Labule?” Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa ta ce, “Rabin kayan nan fa gadonta ne. Allah ne Ya ba ta, ba ni ba.” Na ce ai can za a fitar mata da rabonta a ajiye. Na yarda da maganar a lokacin da nake faɗar ta, wannan ita ce gwanintata.

Kika dawo ƙarfe uku da rabi. Kika buɗe kabad, ba komai sai maratayan kaya suna lilo. Shekararki goma sha huɗu, ba ki yi kuka ba. Kika zauna a ƙasa kika sa hanci a jikin katakon. Ni ina tsaye a bayanki, na ce, “Kin ga yanzu kin samu wurin zuba takalma.” Wallahi haka na ce. Daga ranar kika daina amsa mini da Hausa.

Rabon naki kuwa an fitar, an ajiye a ɗakin kakarki. Sai biki ya taso a ari zane ɗaya, suna ya taso a ari ɗaya. Ba wanda ya yi sata, dangi ne. Da kakarki ta rasu aka haɗa da nata aka sake rabawa. Na taɓa ganin rigar sanyin a hoto, a jikin wani kawunki yana kan babur. Ta yi masa daidai, abinka da ta maza.

Malamai sun sha yin wa'azi a kan cin haƙƙin maraya, ni ina sahun gaba ina jinjina kai, don a tunanina sai wanda ya kai baki. Ban ci ba, ban sa ba, na dai tura shi teku. In aka ce miki haka ake yi, ki tambaya, wa ake yi wa? In mai abin yana da rai, ki je ki ji ta bakinsa ko da yaro ne. Kuma ki yi hattara da al'adar da ta zo daidai da tsoronki, ita ce ta fi saurin shiga.

Saura mabuɗi. Wannan kam ke kika ƙirƙira, Mamanki ba ta bar wani mabuɗi ba. A labarin Zulai ta gwada shi a kowace ƙofa bai buɗe ba, ta rataya shi a wuya ta bar gari. Da na zo wurin a karatu ina tashar Greenbelt, na kashe waya, na yi sa'a guda ban ɗauki kowa ba. Lalube kika yi, amma kin kusa taɓa abin.

Mamanki ba ta koma aji ba, amma ba ta bar maganar tuƙi ba. Duk Lahadi takan ce za ta karatun mata da Anti Bilki. Suna zuwa karatun, ba ta yi ƙarya ba. In an tashi sai su wuce filin ajiye motoci na tashar Greenbelt, inda ba kowa ranar Lahadi, Anti Bilki ta koma kujerar fasinja. Shekara biyu suna haka. Ta haddace dokokin hanya kamar mai haddar allo, ta yi duk abin da ake yi, ni direban gida ban sani ba. Wata Juma'a na zauna cin tuwo sai ta ajiye takarda kusa da kwanona. Ta ce, “Malam, na ci jarrabawar tuƙi. Wannan ta wucin gadi ce, lasin ɗin zai zo ta gidan waya. Kada ka gaya wa Ummi. In ya zo, ni zan je in ɗauko ta a makaranta, in ga idonta.” Tana tsaye, hannu a baya, kamar ɗaliba. Na ce, “To, Allah Ya tsare bishiyoyin Maryland.”

Mabuɗin akwatin wasiƙa ɗaya ne a gidan nan, kuma a jikin mabuɗin motata yake. Wata Talata ambulan ɗin lasin ya zo, da sunanta. Na matsa shi da yatsa na ji taurin katin. Ina tsaye a ƙasan bene, hawa biyu ne tsakanina da ita. Sai na juya na koma mota, na buɗe ɗan aljihun nan na gaba inda ake zuba takardu, na tura shi can ƙasa, na rufe.

Na gaya wa kaina babbar hanyar Beltway ba wurin wasa ba ce, bari in koya mata da kaina tukuna. Ƙarya ce. Gaskiyar ita ce, a ƙasar nan abu ɗaya na iya wanda ba ta iya ba. Ba ni da boko, ba ni da Turancin kirki, ba ni da ofis. Sitiyari kawai. In ta riƙe shi, ni kuma mene ne a gidan? Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: shekara biyu tana ɓoye mini, kuma na san dalili, na san Lahadin da ta jawo.

Kullum na shigo sai ta ce, “Malam, ba a kawo ba?” In ce, “Ba a kawo ba. Sai haƙuri.” Anti Bilki ta so ta kai ta a bincika, Mamanki ta ce a bari, Malam ya ce zai je. Ta yarda da ni, don duk harkar takarda ni ke yi. Ta wucin gadin ta ƙare. Ina ta cewa mako mai zuwa zan ba ta, in ce yanzu ya iso. Ana cikin haka ta ji ƙullutu a ƙirjinta, likita ya ce sankara ce, ta daina tambaya.

Wata goma sha huɗu ina kai ta asibiti ina dawo da ita. A kujerar gaba take zama. Gwiwarta na taɓa murfin aljihun.

Kwana huɗu kafin ta rasu, da rana tsaka, kina makaranta, ta ce, “Malam, matso.” Na matsa, don muryar ta koma kamar ta jariri. Ta ce, “Ambulan ɗin da ke aljihun mota.” Ta ce, “Na gan shi tun farkon ciwon nan, ranar da amai ya taso mini ina neman leda, kai ka fita sayen ruwa.”

Na ce, “Me ya hana ki ɗauka?”

Ta ce, “So na yi in ga ranar da za ka kawo mini da hannunka.”

Na ce yanzu zan sauka in ɗauko. Ta riƙe bakin rigata. “Bar shi. Yanzu ina za ni?” Ta huta kaɗan. “In Ummi ta girma ka ba ta. Ka ce mata sau ɗaya na shiga na ci, ban maimaita ba. Kai sau nawa ka yi?”

Na ce, “Uku.”

Ta ce, “Na sani.” Ta yi murmushi ta rufe ido. “Kai dai Malam, Allah Ya shirye ka.”

Ranar ce kaɗai a rayuwata aka buɗe mini ƙofar wasa na rasa abin faɗa.

Amana ta ba ni, na danne ta shekara takwas da hujjar ba ki girma ba. Kin gama sakandare na ce ba ki girma ba. Kin gama jami'a, na sa babbar riga na shiga hoto, na ce saura kaɗan. Na canja mota sau biyu, kowane lokaci ambulan ɗin nake fara ɗaukewa kafin carbi. Ba girmanki nake jira ba. Na san ranar da na ba ki shi sai na haɗa miki da labarin, kuma daga ranar za ki san wane ne ubanki.

Mijin da ke littafinki mutum ne mai shiru, mai gajiya, yana dawowa ya zauna ya kalli bango. Kin tausaya masa. Ba ni ba ne, shiru ba ya cikin laifina. In za ki gyara littafin, ki sa masa baki, ki bar mutane su yi dariya tare da shi, sannan ki juya ki nuna musu fuskar matar. In kuma kin ga ki bar shi yadda yake, naki ne. Hukuncin da na yanke a kan kayan mata ya isa haka.

Sauran maganata ta direba ce, ba ta malami ba. Duk gidan da kika shiga, na haya ko na aure, ki yanka naki mabuɗin akwatin wasiƙa. Takardunki su zauna a hannunki ko da mijin waliyyi ne, don ba mugu kaɗai ke ɓoye abu ba, matsoraci ma yana yi, kuma shi ya fi iya fara'a. In kin yi wa wani laifi ki gyara a makon, kada ki jira ranar da ta dace. Ni na jira ta, ba ta zo ba. Ki riƙe salla. Ki ci abinci mai zafi.

Ambulan ɗin yana tsakiyar takardun nan. Ya yi datti, akwai tabon shayi a gefe, aikina ne. Ban taɓa buɗe shi ba, ita ma ba ta buɗe ba. Katin ya daɗe da mutuwa a wurin hukuma, ba zai tuƙa komai ba. Amma akwai hotonta a jiki, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Ke ce ta fari.

Ban ce ki yafe mini ba, wannan ba a roƙonsa ta takarda. In kin kira, ba sai kin gaishe ni ba. Ki gaya mini kawai wane ɗankwali ta ɗaura.

Allah Ya jiƙan Salamatu, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, shigarki da fitarki, Ya haɗa ki da mutanen da suka fi ubanki. Na bar ki a hannun Wanda ajiya ba ta ɓacewa a wurinSa.

Babanki,
Isuhu